Da Kuɗin Kukuma Aka Yi Mana Karatu

Kakana na wajen uba ya ga sarakunan Zazzau biyar, kuma da su yake lissafin shekarunsa, tunda ba a rubuta ranar haihuwarsa a ko'ina ba. A zamanin Sarki Ibrahim aka haife shi. Yakan ce bai daɗe da warkewa daga kaciya ba aka naɗa Sarki Ja'afaru, wato 1937 ke nan. Ya ga Sarki Aminu, ya ga shekara 45 na Shehu Idris daga farko har ƙarshe, kuma bai bar duniya ba sai da ya ji an naɗa Ahmed Nuhu Bamalli a 2020. In aka haɗa lissafin, ya ɗan haura 90. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta, ya kyautata namu zuwan.

Baba Tsoho muke ce masa. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kama sunana da bakinsa ba, sai dai Uwata. Sauran jikokinsa mata duk amarensa ne, kullum suna rigimar kuɗin cefane da shi, yana cewa ya sake su saboda ba su iya tuwo ba. Ni kuwa ba ya wannan wasan da ni. Zaunar da ni yake yi a gefen tabarmarsa ya yi ta ba ni labari, har da wanda bai taɓa ba 'ya'yansa ba, wai ɗa ba ya ɓoye wa uwarsa komai.

A gidanmu in za a ba da tarihinsa, daga shekarar da ya je Makka ake farawa. Alhaji mai zayyana, mai sahun gaba, wanda ba ya shiga harkar kowa. Duk gaskiya ne. Amma kafin nan ya yi kusan shekara 50 a duniya, kuma a cikin waɗannan shekarun da ake tsallakewa ne aka gina gidan da muke ciki, aka sa mahaifina a makaranta. Su nake son in rubuta.

Gidan magina aka haife shi, a cikin birnin Zariya. Mu ba zuriyar Babban Gwani Muhammadu Durugu ba ne, wanda ya gina masallacin Juma'a a zamanin Sarki Abdulkarim, amma babu maginin Zazzau da ba ya tinƙaho da wannan suna. Tun yana ɗan ƙarami yake bin mahaifinsa wurin aiki da rani, damina kuma a koma gona. Daga ɗebo ruwa ya fara, sai tattaka ƙasa da ciyawa, sai cura tubali, sai miƙa wa na sama. Ya iya sanin azarar giginya mai kyau da ƙwanƙwasawa kawai. Ya san yadda ake jiƙa ɓawon ɗorawa a fitar da makuba don shafe bango kada ruwan sama ya ci shi. Amma ɗora gini bai taɓa burge shi ba kamar abin da ake yi a ƙarshe, lokacin da aka gama yaɓe fuskar zaure, ƙasa tana ɗanya, babban magini ya hau tsani ya shiga fitar da zane da yatsunsa. A nan hankalinsa yake. Ya ce wannan aikin ba ya jira, in ka tsaya tunani rana ta busar maka da bangon, in ka yi gaggawa kuma zanen ya zubo. Dole tun kana ƙasa ka gama ganin abin a zuciyarka.

Dagi da takobi da sauran zanen gado ya fara da su. Wata shekara wani dillalin auduga ya sayi sabon keke Raleigh, ya kuma sake ginin zaurensa, sai Baba Tsoho, yana saurayi lokacin, ya ce a bar shi ya sa keken a bango. Ya fitar da shi da ƙafafunsa biyu da sarƙa da ƙararrawa, a saman ƙofa. Mutane suka riƙa zuwa kallo daga wasu unguwanni. Mahaifinsa ya je ya tsaya ya duba, bai yaba ba bai kushe ba, sai da suka kama hanyar gida ya ce masa ƙafar baya ta fi ta gaba girma. Baba Tsoho yana ba ni wannan labarin yana dariya har da hawaye, ya ce kuma wallahi ta fi ta.

Cin rani ne ya kai shi Jos. A lokacin akwai ɗan ƙaramin jirgin ƙasa da ke tashi daga Zariya ya hau dutse zuwa Jos da Bukuru, wanda aka daina aiki da shi a 1957. Ya ce don rashin saurinsa, a wurin hawa mutum kan iya sauka ya taka da ƙafa ya sake kama shi. Haƙar kuza ya je yi, ɗaukar ƙasa a kwanon sarki daga rami zuwa wurin wanki, tun safe har la'asar, cikin sanyin da bai taɓa jin irinsa ba. Barikin kuza kuwa wata duniya ce daban da birnin Zariya. Ga Barebari, ga mutanen Damagaram, ga Tibi, ga Birom masu ƙasar, kowa ya baro iyayensa da masu faɗa masa. Ranar biya in dare ya yi sai kiɗa. A can ya haɗu da wani mutumin Maraɗi mai kukuma, ya fara yi masa amshi don a raba ɗan abin da aka samu, daga nan ya koma kan ƙwarya, daga nan ya fara ɗaukar kukumar in maigidan ya fita. Da yake mai aikin hannu ne, bai tsaya roƙon aro ba. Ya nemi ƙoƙo, ya sayi fatar guza wurin maharba, ya samo izgar doki, ya sassaƙa ɗan jakin da tsarkiya ke hawa, ya shafa ƙaro, ya haɗa tasa. Ta farko ya ce kukanta ba daɗi. Ta uku ita ce ya dawo da ita gida a cikin buhu.

Ba a ɗauki abin da sauƙi ba. Wanda bai tashi a ƙasar Hausa ba zai yi wuya ya gane yadda muke da makaɗa. Ba a biki sai da su, ba a naɗi sai da su, mai kuɗi ba ya jin ya isa sai an ambace shi a waƙa, amma ranar da makaɗi ya aiko neman aure gidanka sai a fara tambayar asali. Makaɗan fada ma da sauƙi, masu tambari da kakaki da taushi, suna da sarautarsu da gadonsu da inuwar sarki. Mai kukuma ba shi da kowa. Wurinsa otal ne da tasha da gidan mata masu zaman kansu. An ce goge kan bidi'a, to kukuma ƙanwarsa ce. Ga shi kuma ba gado ya yi ba, ɗan magini ne ya ajiye sana'ar ubansa ya ɗauki roƙo. Mahaifinsa ya ce masa kowa ya bar gida, gida ya bar shi, ya zaɓa. Ya kwashe kayansa ya koma Tudun Wada. Sun yi shekaru ba ya shiga gidan sai da Salla, ya durƙusa a zaure ya gaishe shi, a amsa a taƙaice, ya tashi.

Gidaje biyu suka hana shi aure. Kakata, Iya, bazawara ce lokacin, 'yar mahauta, ta tashi tana jin kalangu a ƙofar gidansu, don haka kiɗa bai zame mata abin gudu ba. Ita ce ma'ajinsa har ta mutu. In ya dawo wasa da asuba sai ya zazzage aljihu da cikin hula a kan tabarma, ta ware kwabo da sisi da sule, ta fitar da na mai kalangu da na 'yan amshi, ta ƙulle saura a inda shi kansa bai sani ba. Da ba don ita ba, in ji shi, da ko bulo ɗaya bai ajiye ba, don kuɗin liƙi yadda suke zuwa haka suke tafiya.

Ba zan ƙara masa abin da ba shi da shi ba. Bai yi suna irin na su Garba Supa ko Hassan Wayam ko Ahmadu Doka ba, waɗanda rediyo ya kai kukumarsu ko'ina. Muryarsa siririya ce, ba ta cika fili. Shi da kansa yakan ce a hannu Allah ya ba shi, ba a maƙogwaro ba. Mutanensa direbobi ne da 'yan kamasho da masu sayar da tuwo a tasha, su yake wa waƙa, su ke kiransa ajo da suna da biki, daga Funtuwa har Kafanchan. Zamanin siyasar farko ya taɓa yi wa wata jam'iyya wasa sau ɗaya, 'yan ɗaya ɓangaren suka tare shi a hanya suka fasa masa kai, tun daga nan ya ce shi da waƙar siyasa har abada. Tabon yana nan a bayan kunnensa har ya rasu.

Duk wannan lokacin bai bar zane ba, sai dai zanen ne ya riƙa sauya masa wuri. Siminti da kwano suka shigo, masu hali suka daina ginin ƙasa. Ya koma kankare zane a jikin filastar siminti kafin ta kama, a bi da fenti. Hulɗarsa da direbobi kuma ta kai shi Sabon Gari, inda ake haɗa bodin katako na manyan motoci. A can akwai wani ɗan ƙabilar Ibo mai rubutun allon shaguna da fentin motoci, shi ya koya masa haɗa kala da riƙe buroshi. Baba Tsoho ajami ya iya, bai san boko ba, don haka da farko haruffan zana su yake yi kamar yadda zai zana dagi, bai san me suke cewa ba. Sai da ya taɓa juya wani harafi a bayan mota aka yi ta yi wa direban dariya a tasha, sannan ya shiga ajin yaƙi da jahilci da yamma, yana magidanci da 'ya'ya, har ya kai yana karanta Gaskiya Ta Fi Kwabo da kansa.

Da rikicin 1966 ya tashi, maigidan nasa ya gudu da iyalinsa cikin dare, ya bar masa mabuɗin shago da akwatin kayan aiki. Baba Tsoho ya ci gaba da aiki a shagon duk tsawon yaƙin, Iya kuma tana ware kason mutumin tana ajiyewa, ba tare da sun san ko yana raye ba. Bayan an gama yaƙi a 1970 sai ga shi ya dawo, ya rame, babu ɗaya daga cikin 'ya'yansa maza. Suka ba shi mabuɗinsa da ƙullin kuɗinsa. Tsofaffin kuɗin Najeriya an canja su ana cikin yaƙi, Iya ta bi layi ta canja nasa tare da nata. Baba Tsoho bai cika son ba da wannan labarin ba. A bakin Iya na fara jin sa.

Shekarun da suka biyo baya su ne na samunsa. A watan Afrilun 1972 aka koma tuƙi ta hannun dama, motocin haya da yawa sai da aka sauya musu gefen ƙofa, duk wadda aka taɓa kuma sai an sake mata fenti. Aka shigo da naira a 1973, kuɗin Udoji, wato ƙarin albashin da aka yi wa ma'aikatan gwamnati, suka biyo baya, motoci suka yawaita a hanya. Da rana yana zana zaki da mikiya da dawisu a bayan mota, ya rubuta Allah ya kiyaye hanya ko Haƙuri maganin zaman duniya, da dare kuma yana yi wa mai motar kiɗa. A wannan tsakanin ya sayi filin gidanmu, ya kai mahaifina kwalejin horon malamai, ya kai Baffa har jami'a. Wani mai motocin sufuri da ya daɗe yana yi wa waƙa ne ya biya masa kujerar Makka.

Abin da ya raba shi da kukuma ba wa'azi ba ne, ko da yake wa'azin ya yi ƙarfi sosai a shekarun 1980, kuma ya daina zuwa otal tun da ya dawo daga hajji. Maganar auren Gwaggo ce. An kawo kuɗin gaisuwa, an sa rana, sai dangin mijin suka yi bincike suka aiko a mayar musu da kayansu, wai ba sa haɗa jini da maroƙa. Gwaggo ta kwanta ciwo. Mahaifina da Baffa, dukansu ma'aikatan gwamnati a lokacin, suka same shi a ɗaki bayan sallar isha'i. Mahaifina ne ya yi magana, kansa a ƙasa: "Baba, mun girma, za mu iya riƙe gidan. Don Allah a huta haka nan." Baba Tsoho ya ce ya daɗe yana kallonsu, da fararen rigunansu da agogo a hannu, yana so ya tambaye su da kuɗin me aka saya musu takardun da suka kai su inda suke. Bai tambaya ba. Ya ce to, ya sa kukumar a buhu ya rataye a bayan ƙofa.

Ba na ganin laifin mahaifina gaba ɗaya, ƙanwarsa yake kare wa, kuma garin ne haka. Abin da ban yarda da shi ba shi ne shirun da aka yi bayan nan. Ƙannena sun girma a gidan ba su san me ke cikin buhun ba. Akwai jikokin da sai a wurin zaman makoki suka fara jin cewa kakansu ya taɓa kiɗa. An ci an ƙoshi da abin, an yi digiri da shi, sannan aka mayar da shi kamar wani ciwon da ake rufewa da riga.

Shi dai hannunsa bai zauna ba. Fentin mota ya ja baya da bodin katako ya fara ƙarewa, ga kuma ciwon baya. Zariya gari ne na ɗinkin hannu, kuma a shekarun nan matan cikin birni da yawa sun kama aikin babbar riga a cikin gidajensu. Kafin allura ta taɓa yadi sai an sami wanda ya zana aikin. Ya zauna a zaure da alƙalamin kara yana fitar da aska biyu da aska takwas a kan shadda, yara suna kawowa suna karɓa. Daga nan wani malamin makarantar allo a unguwarmu ya roƙe shi ya gwada zayyanar allon sauka. Nan fa ya sami abin da ya riƙe shi har ƙarshe. Yakan yi kwanaki a kan allo ɗaya, ja da kore da ruwan ɗorawa, layi a cikin layi, ba ruwansa da abin awo, ido ne kawai. Iyayen da a da ba za su bari 'ya'yansu su tsaya kusa da shi ba, su ne suke layi a zaurensa in sauka ta matso. Na taɓa ce masa yanzu dai ya sami sana'ar mutunci. Ya dube ni ya ce, "Uwata, hannun nan dai shi ne. Ban canja shi a Makka ba."

Mutane kan zaci tsoho irinsa zai tsani waƙoƙin zamani na fiyano da ake haɗawa a situdiyo. Ko kaɗan. In jikoki suna sauraro a waya yakan ce a ƙara sauti, ya tambayi wane ne, ɗan wane gari ne, nawa ake biyansa. Abu ɗaya yake ƙorafi a kai, wai kiɗan ba ya jiran mawaƙi. Mai kalangu yana kallon bakinka, in ka ja numfashi ya ja da kai, in ka hango wani babban mutum ya shigo fili ka juya waƙar, ya juya tare da kai. Na'ura kuwa tafiyarta kawai take yi. Wasu ɗalibai daga sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello sun taɓa zuwa suna neman tsofaffin maginan da suka rage, ya sa aka ɗauke shi a mota ya zagaya da su cikin birni yana nuna musu inda ayyukansa suke a da. Akasari an rushe an yi na bulo, wasu damina ta cinye. Zauren mai keke ya zama shagon cajin waya. Guda ɗaya suka tarar da saura, rabin dagi a saman wata ƙofa, suka ɗauki hoto. Ya dawo yana ta mamakin yadda yaran suke rubuta duk abin da ya faɗa a littafi.

Bayan rasuwar Iya ya yi sanyi sosai, ga yanar ido, aka yi masa aiki ɗaya ya buɗe ɗaya ya ƙi. Zayyana ta gagara. Wata rana da hantsi, gidan ba kowa sai ni da yara, ya ce in sauko masa da buhun. Izgar ta zube, fatar ta saki. Ya aiki yaro gidan wani mai doki a unguwa, ya sa aka kanga fatar a kusa da garwashi, ya yini yana gyara da lalube. Da ya ja, yatsun sun yi nauyi, yana kuskure yana tsaki yana komawa. Bai yi waƙa ba, kiɗan kawai. Mahaifina ya dawo daga masallaci ya ji, ya tsaya a tsakar gida bai shiga ba, bai kuma hana ba. Daga ranar yakan ɗauka jefi-jefi, in Baffa ba ya gari.

Ranar addu'ar uku wani tsohon direba ya zo, an riƙo shi, ba wanda ya san shi a cikinmu. Ana ta cewa Allah ya jiƙan Alhaji, shi kuwa ya ɗaga murya yadda har mu da ke cikin gida muka ji, ya ce Allah ya jiƙan mai kukuma, shi ya yi masa wasan aurensa, shi ya zana masa zaki a motarsa ta farko, kuma bai karɓi kuɗin fentin ba sai da motar ta fara kawowa. An ce Baffa ya sunkuyar da kai yana gyara hula. Mahaifina ne ya tashi ya kama hannun tsohon ya zaunar da shi kusa da shi, suka daɗe suna magana.

Da aka zo rabon gado an lissafa gida da gona da riguna da agogo, har da buta. Ba wanda ya ambaci buhun. Ni jika ce, ba ni da kaso, don haka na sami mahaifina na ce ina so a sayar mini. Ya kai maganar gaban malamin da ke rabon, malamin ya ce duk abin da mamaci ya bari sai an yi masa kuɗi, aka rasa wanda ya san farashin tsohuwar kukuma, Baffa ya ce shi ya yafe nasa kason a ba ta kawai a wuce wurin. Gwaggo ce ta ce ita ba ta yafe ba, sai na biya ta, ta karɓi naira 500 a hannuna tana dariya tana share ido.

Fatar ta sake tsagewa a hunturun da ya wuce. Na sami wani dattijo mai gyaran kalangu da goge a bayan kasuwa, ya juya ta ya duba ɗinkin ya ce wanda ya haɗa wannan ya san aiki. Ya ce fatar guza ta yi wuya yanzu, maharban da ke kawo masa sun daina shiga daji saboda rashin tsaro, in ina so ya sa mini ta akuya a yau. Na ce a'a, zan jira. Ɗana na biyu ya fara tambaya ko in an gyara za a bar shi ya koya, babansa kuma ya ce sai ya yi shawara da nasa dangin tukuna.